Butloda: Ƙaramar Manhajar da Ke Nuna Wanda Ya Mallaki Na'ura

Duk wanda zai sayi ƙaramar kwamfuta mai fanel ɗaya, irin su Raspberry Pi ko BeagleBone ko Orange Pi, tambayoyinsa ba sa wuce uku: yaya saurin furosesarta, nawa ne ram ɗinta, nawa ne kuɗinta. Da wuya ka ji an tambayi wace manhaja ce ke fara aiki a daƙiƙar da wuta ta shiga fanel ɗin, wa ya rubuta ta, kuma ko mai na'urar zai iya cire ta ya sa wata. Wannan manhaja ita ce butloda, wato mai tayar da na'ura ta miƙa ragamarta ga babbar manhajar gudanarwa kamar Linux. Aikinta bai wuce na 'yan daƙiƙu ba, daga nan sai ta ja gefe, shi ya sa ake raina ta. A ganina wannan raini kuskure ne mai tsada. Wanda zai iya harhaɗa butloda daga tushenta, ya rubuta ta a ma'ajiyar na'ura, ya kuma ceto na'urar idan rubutun ya lalace, shi ne mai na'urar na haƙiƙa. Wanda ba zai iya ba, ko aka toshe masa hanyar iyawa, aro yake yi daga kamfanin da ya ƙera ta, ko da rasit ɗin saye yana cikin aljihunsa.

Kafin a karɓi wannan magana ko a ƙi ta, sai an ga matsalar da butloda take warwarewa. Furosesa ba ta san komai ba sai bin umarni, umarnin kuma dole ya kasance a wurin da take iya karantawa kai tsaye. Linux yana kwance a katin memori ko a ma'ajiyar eMMC da aka liƙa a jikin fanel, kuma karanta waɗannan wurare shi kansa aiki ne da ke buƙatar manhaja. Babban ram, wanda ake kira DDR, idan aka kunna wuta ba komai a cikinsa, kuma ba zai ma karɓi ajiya ba sai an saita shi. To ta ina za a fara? Masu ƙera furosesa sun dasa wani ɗan shiri a cikin jikinta tun daga masana'anta, a sashen da ake kira ROM, wanda ba ya goguwa kuma ba ya gyaruwa. Iyakar sanin wannan shiri shi ne ya leƙa wasu wurare ɗaya bayan ɗaya, ya nemi manhajar da za ta gaje shi, ya kwafo ta cikin wani ƙaramin ram da ke cikin furosesar, wanda shi ba ya buƙatar saiti. A BeagleBone Black, wadda ta fito a 2013 da furosesar AM335x ta kamfanin Texas Instruments, gurbin da ROM ya ware wa wannan magajiya bai wuce kilobayit 109 ba, alhali fanel ɗin yana ɗauke da ram na megabayit 512 da ba a isa a taɓa ba tukuna. Cikakkiyar butloda ba za ta shiga wannan gurbi ba, balle Linux. Saboda haka aka raba aikin hawa-hawa: ROM ya ɗauko ƙaramar butloda da ake kira SPL, wadda a fanel ɗin Texas Instruments sunan fayil ɗinta MLO, ita kuma ta saita wuta da agogon furosesa da babban ram, sannan ta ɗauko cikakkiyar butloda ta zuba a ciki, wannan kuma ta ɗauko Linux.

Mataki na biyun nan shi ne mafi wuya, kuma a nan yawancin rikicin yake. Saita DDR ya ƙunshi gaya wa furosesa girman ram ɗin da yadda aka jera shi, da tazarar lokacin da za ta bari tsakanin umarni da umarni, tazarar da ake aunawa da kaso ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. A sababbin nau'o'in ram har sai an yi abin da injiniyoyi ke kira horarwa, inda furosesa take aika saƙonnin gwaji ta layukan tagullar fanel tana gyara jinkirin kowane layi har saƙo ya riƙa isa daidai. Waɗannan lambobi sun dogara da ainihin ram ɗin da aka liƙa da kuma tsawon layukan da mai zanen fanel ya ja. Wannan ne dalilin da ya sa fanel biyu masu furosesa iri ɗaya ba lallai su tashi da butloda ɗaya ba. Kwamfutar tebur ta ɓoye wa mai ita duk wannan a cikin BIOS, kayanta kuma suna iya bayyana kansu idan aka tambaye su. A ƙaramin fanel mai furosesar ARM yawancin kayan ba sa bayyana kansu, sai an rubuta wa Linux taswirar abin da ke jikin fanel da adireshin kowane abu, butloda ce kuma ke miƙa masa wannan taswira lokacin da take sallamarsa.

Butlodar da ta fi yaɗuwa a wannan fage ita ce U-Boot. Asalinta wata ƙaramar manhaja ce da Magnus Damm ya rubuta don furosesar PowerPC, sannan Wolfgang Denk na kamfanin DENX a Jamus ya ɗauke ta ya sa mata suna PPCBoot. Da aka haɗe ta da reshen da aka yi wa furosesar ARM, sai aka sauya sunan zuwa U-Boot a 2002. Tana ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya wajabta wa duk wanda ya raba ta cikin na'ura ya bayar da tushen rubutunta ga wanda ya karɓa. A yau tana ɗauke da saitin fanel sama da dubu, ana fitar da sabon zubi sau huɗu a shekara, kowane da lambar shekara da wata. Tana cikin na'urorin rarraba intanet na gida da na'urorin karatu na Kindle, kuma masu ɗora Linux a sababbin kwamfutocin Apple ma da ita suke aiki a ɗaya daga cikin matakansu.

Harhaɗa ta bai kai wahalar da ake tsammani ba. Ana yin aikin a babbar kwamfuta, da maharhaɗin da ke fitar da umarnin furosesar ARM duk da cewa shi a kan furosesar Intel ko AMD yake gudana. Mutum zai sauko da tushen, ya zaɓi fayil ɗin saitin fanel ɗinsa, wanda na BeagleBone Black shi ne am335x_evm_defconfig, ya ba da umarnin harhaɗawa, cikin 'yan mintuna ya sami MLO da u-boot.img. A furosesoshin ARM masu bit 64, kamar A64 ta Allwinner ko RK3399 ta Rockchip, akwai ƙarin mataki: sai an fara harhaɗa wani yanki na manhajar Trusted Firmware, wanda ke zama a can ƙasa yana kula da kunna da kashe sassan furosesa ko bayan Linux ya tashi, sannan a cusa shi cikin ƙunshin U-Boot. Umarnin duka ba su cika shafi ɗaya ba. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne sanin dalilin kowanne, kuma wanda ya kwafe su ba tare da wannan sani ba zai tsaya cik ranar da ɗaya ya ƙi aiki.

Rubuta ta a ma'ajiya, abin da masu gyaran waya ke kira filashin, shi ne inda bambancin kamfanoni yake fitowa fili. ROM ba shi da wayon neman fayil a ko'ina. Yana da wurin da aka ce ya duba, can kuma zai duba. ROM na Allwinner yana zuwa daidai kilobayit 8 daga farkon katin memori ya nemi wata alama a kan manhajar, idan bai gan ta ba ya wuce. Na Rockchip yana zuwa sakta ta 64, wato kilobayit 32 daga farko. Na AM335x ya fi sassauci: yana duba wurare huɗu a farkon kati, tazarar kilobayit 128 tsakanin kowanne, kuma yana iya karanta fayil mai suna MLO daga ɓangaren kati mai tsarin FAT. Waɗannan wurare yawanci suna cikin filin da ke tsakanin teburin rabon kati da ɓangaren farko, filin da mai buɗe kati a kwamfuta ba ya gani ko kaɗan. Shi ya sa wanda ya kwafe duk fayilolin wani kati zuwa sabo yake mamakin ƙin tashin fanel: abin da ake buƙata ba ya cikin fayilolin. Kuma shi ya sa ake yin aikin da umarnin dd, wanda ke rubutu a duk inda aka nuna masa ba tare da tambaya ba. Kuskuren harafi ɗaya a sunan ma'ajiya na iya sa ya rubuta butlodar a kan faifan babbar kwamfutar da ake aikin da ita. Wurin kilobayit 8 na Allwinner ma yana cin karo da sabon tsarin rabon faifai na GPT, wanda teburinsa ya mamaye wannan fili, har kamfanin ya ƙara wuri na biyu a kilobayit 128 a furosesoshinsa na baya-bayan nan.

Akwai kayan aiki ɗaya da bai kamata kowa ya fara wannan sana'a babu shi ba, wato igiyar siriyal mai haɗa fanel da USB na kwamfuta. A lokacin da butloda ke aiki babu hoto a talabijin, babu intanet, babu madannai. Hanya ɗaya da fanel yake magana ita ce wayoyi uku, na aikawa da na karɓa da na ƙasa, a saurin 115200 a yawancin fanel, da ƙarfin wuta bolt 3.3. Ta nan ake ganin SPL ta ambaci sunanta, a ga girman ram ɗin da ta gano, a ga U-Boot tana ƙirga daƙiƙu kafin ta wuce, a danna maɓalli a tsayar da ita a ba ta umarni da hannu. Ko shirun layin yana da ma'ana. BeagleBone da ba ta sami abin tashi ba takan riƙa turo harafin C a jere, alamar ROM yana nan da rai yana jiran a turo masa manhaja ta igiyar. Wanda ba shi da igiya zai ga fitila ɗaya a kunne ya yanke cewa fanel ya mutu, alhali fanel ɗin yana ta kiransa.

Ƙorafi na farko da za a yi wa duk wannan bayani shi ne: me ya kai mutum? Kamfanin fanel yana bayar da cikakken hoton kati, wato kwafin duk abin da ya kamata ya kasance a kati, a sauko da shi a rubuta, na'ura ta tashi. Gaskiya ne, kuma ga ɗalibin da ke son ya kunna fitila ko ya auna zafin ɗaki, wannan ya wadatar. Amma a duba abin da ke cikin hoton. Kamfanonin furosesa sukan ɗauki U-Boot da Linux na wata shekara, su yi musu gyare-gyaren da furosesarsu ke buƙata, su daskare a nan. Reshen U-Boot na Rockchip an gina shi ne a kan zubin 2017.09, kuma shi aka ci gaba da bayarwa har da furosesar RK3588 wadda ta zo shekaru bayan haka. Fanel masu furosesar H3 ta Allwinner sun daɗe ana sayar da su da Linux 3.4 na 2012, kuma a 2016 aka gano cewa a cikin wannan reshe an bar wata ƙofar gwaji da ke bai wa kowace manhaja cikakken iko a kan na'urar da rubuta kalma ɗaya. Kamfanin fanel yana samun kuɗinsa ranar sayarwa, don haka hankalinsa yana kan fanel na gaba. Na'urar da aka ɗora a kan famfon sola ko ma'aunin wuta ko injin masana'anta kuwa shekara goma ake so ta yi. Wanda ke da hoton kati kawai, ranar da kamfani ya daina sabuntawa ya tsaya inda aka bar shi. Wanda fanel ɗinsa ke cikin babban reshen U-Boot yana iya harhaɗa zubin bana ya ɗora. BeagleBone Black ta 2013 tana cikin wannan reshe har yau, haka fanel ɗin A20 na kamfanin Olimex na Bulgeriya, kuma na biyun ya samu ne saboda 'yan sa-kai na ƙungiyar linux-sunxi sun zauna sun gano yadda furosesoshin Allwinner ke aiki duk da ƙarancin takardun bayani daga kamfanin.

Ƙorafi na biyu ya fi kama hankali: taɓa butloda na iya kashe na'ura. Masu gyaran waya a kasuwa irin Farm Centre ta Kano sun san wannan tsoro da idonsu, domin wayoyi masu furosesar MediaTek suna da nasu matakin farko da ake kira preloader, kuma ɗora na wata waya daban yana iya barin waya ba ta ko nuna alamar caji, saboda saitin ram ɗin da ke ciki ba nata ba ne. Cuta ɗaya ce da ta ƙaramin fanel, maganin ma ɗaya ne. Tunda ROM ba ya goguwa, filashin ba zai taɓa lalata shi ba. Abin tambaya shi ne wace ƙofar ceto ya bari, kuma da wane jeri yake duba wurare. ROM na Allwinner katin memori yake fara dubawa kafin ma'ajiyar ciki, idan bai sami komai ba ya shiga yanayin FEL ya jira umarni ta USB, don haka duk ɓarnar da aka yi a ciki kati mai kyau zai gyara ta. BeagleBone Black tana fara duba eMMC, amma an sa mata maɓalli kusa da ramin kati, wanda idan aka danne shi lokacin sa wuta sai ta tsallake eMMC ta koma kati. RK3399 ta fi tsauri, domin ma'ajiyar ciki take fara dubawa, kuma idan ta sami butloda mai kamar lafiya amma gurguwa, za ta ɗauke ta ta maƙale, ba za ta kai ga kati ba. Nan sai an toshe ma'ajiyar, da maɓalli idan mai fanel ya sa, ko da haɗa ƙafafu biyu da ɗan ƙarfe idan bai sa ba, don a tilasta wa ROM shiga yanayin ceto. Ashe haɗarin ba ɗaya ba ne a kowane fanel, kuma ana iya sanin girmansa tun kafin a saya, daga takardar bayanin furosesa.

Inda tsoron yake da cikakken dalili shi ne na'urar da ke nesa, wadda ba mai zuwa ya danna mata maɓalli. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta butloda, rabin tsohuwa da rabin sabuwa ne za su rage, kuma a wuraren da ɗauke wuta ya zama ruwan dare wannan ba zato ba ne. Amma maganin ma a butlodar yake. Ana ajiye manhajar gudanarwa kwafi biyu, a rubuta sabuwa a gefen da ba a amfani da shi, U-Boot ta riƙa ƙirga sau nawa aka gwada tashi da ita, idan ta gaza sau kaza ta koma tsohuwa. Ita kanta butlodar ana rage taɓa ta iya yiwuwa, kuma wurare huɗun da ROM na AM335x ke dubawa suna ba da damar ajiye kwafi fiye da ɗaya. Duk wannan tsari sai wanda ke iya saita butlodarsa zai gina shi. Ma'ana, gudun taɓa ta ba ya kawar da haɗari. Barin na'ura ne kawai ba tare da hanyar komawa baya ba.

Sai babbar hujjar masu saɓani, wato Raspberry Pi. Tun fitowarta a 2012 tashinta ya bambanta da na sauran: sashen hoto na furosesar Broadcom, wanda ake kira VideoCore, shi ke fara farkawa, ya karanta fayiloli daga kati, sannan ya tayar da ARM. Waɗannan fayiloli rufaffu ne, ba a ba kowa tushensu ba, kuma daga Raspberry Pi 4 ta 2019 an mayar da matakin farko cikin wata ƙaramar ma'ajiya a jikin fanel, shi ma a rufe. Duk da haka babu fanel da ya kai ta yaɗuwa, kuma har yanzu manhajar kamfanin tana tashi a kan na 2012. Wannan bai rushe maganata ba? Dole a yaba wa masu ita, sun riƙe amanar masu saye fiye da kowa a wannan kasuwa, kuma sun sauƙaƙa tashi har ya zama kwafar fayiloli kawai. Sai dai abin da mai Raspberry Pi yake dogaro da shi halin kirkin kamfani ɗaya ne. Idan kamfanin ya sauya hannu ko ya sauya ra'ayi, babu wanda zai iya ɗaukar aikin daga inda aka ajiye. Broadcom ta saki takardun VideoCore a 2014, 'yan sa-kai kuma sun gwada rubuta buɗaɗɗen madadi, amma bai kai ga maye gurbin na kamfani ba. Misalin Raspberry Pi yana nuna cewa ana iya dacewa da mai riƙo nagari. Sauran kamfanonin da suka rufe nasu matakin, yawancinsu ba su yi irin wannan riƙo ba, kuma mai saye ba shi da hanyar sanin wanne ya samu sai bayan shekaru.

A nan ya kamata in amsa wani abu da ke rage ƙarfin matsayina. Ko wanda ya harhaɗa U-Boot da hannunsa, sau da yawa ba duka ya harhaɗa ba. A RK3588 saitin DDR yana zuwa ne a dunƙule daga Rockchip, ba tushe, sai dai a liƙa shi yadda yake. Furosesoshin i.MX8M na NXP ma suna buƙatar rufaffen dunƙule don horar da ram. ROM kansa rufaffe ne a kusan ko'ina. Wani zai ce tunda ba za a kai ga cikakken iko ba, me ya sa ake wahala? Amsata ita ce iko yana da darajoji. Dunƙulen da ke saita ram sau ɗaya ya gama ya tafi bai yi daidai da rufaffiyar butlodar da ke yanke wane Linux za a ɗauko, daga ina, da wane sharaɗi ba. Kuma iyakar tana motsi: RK3399 a da sai da dunƙulen kamfani take tashi, yau U-Boot tana saita mata ram da buɗaɗɗen rubutu, saboda an sami waɗanda suka nace. Ƙirga dunƙulen da fanel ke buƙata ma'auni ne mai amfani wajen zaɓe, ko da adadin bai kai sifili ba.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne na tsaro, kuma shi ne mafi nauyi. Idan mai na'ura na iya sauya butloda, ɓarawo ma na iya, kuma wanda ya kama matakin farko ya kama duk abin da ke bayansa. Na'urar cire kuɗi ko ma'aunin wutar da ake biya kafin sha ba za a bar su kowa ya ɗora abin da ya ga dama ba. Wannan gaskiya ne, kuma don haka aka ƙirƙiro tashi mai tantancewa: ana ƙona shaidar wani mabuɗi a cikin wasu fiyus na furosesa waɗanda ba sa komawa, daga nan ROM ba zai karɓi butlodar da ba a sa mata hannu da wannan mabuɗi ba, ita ma ta tantance Linux kafin ta miƙa masa. Amma a lura, tsarin bai ce mabuɗin na wa ba ne. Furosesoshin i.MX suna barin wanda ya gina na'ura ya ƙona nasa, U-Boot kuma tana iya tantance sa hannu da mabuɗin da mai harhaɗa ta ya zaɓa. Asibiti ko kamfanin ruwa da ya sayi na'urori dubu na iya kulle su da mabuɗinsa, ya tsare su daga ɓarawo ba tare da ya miƙa wuyansa ga mai sayarwa ba. Kulle da mabuɗin mai kaya tsaro ne. Kulle da mabuɗin da mai kaya ba shi da shi wani abu ne daban, ko da sunan ɗaya ake kiransu.

Kuma rufewa ba ta taɓa zama garanti ba. A 2018 aka bayyana wani kuskure a yanayin ceto na USB a ROM ɗin furosesar Tegra X1 ta Nvidia, wadda ke cikin na'urar wasan Nintendo Switch, kuma da yake a ROM yake, na'urorin da aka riga aka sayar ba su gyaru ba sai dai aka sauya waɗanda ake ƙerawa. A 2019 aka sami makamancinsa a wayoyin Apple daga iPhone 4S har iPhone X. Waɗannan kamfanoni ne da suka kashe dukiya wajen kullewa. Darasin yana da kaifi biyu, domin ya nuna ƙofar ceton da na yaba a sama ita ma ƙofa ce da maƙiyi zai iya bi idan na'ura ta shiga hannunsa. U-Boot ma ba ta tsira ba: a 2019 masu bincike sun bayyana jerin kurakurai a sashenta na ɗauko fayil ta hanyar sadarwa. Bambancin shi ne an gyara su a bainar jama'a, gyaran kuma ya isa ga duk wanda ke iya sake harhaɗawa ya yi filashin. Na'urorin da aka daskare da tsohon reshe suna nan da kurakuran, wasu ma da sashen sadarwar a kunne ba tare da ana buƙatarsa ba, abin da mai harhaɗa tasa zai cire da layi ɗaya a fayil ɗin saiti.

Ana ƙoƙarin rage wannan rarrabuwa. U-Boot ta koyi yin magana da yaren UEFI na manyan kwamfutoci, kuma akwai ƙa'idar EBBR da ke neman kowane fanel ya zo da butlodarsa a ma'ajiyar kansa, yadda hoton Linux ɗaya zai tashi a fanel iri-iri. Idan hakan ya kankama, mai amfani na yau da kullum zai huta. Amma ƙa'idar ta tsara yadda butloda ke gaisawa da Linux ne kawai. Saita ram da neman sakta ta 64 suna nan a ƙasa, kuma dole wani ya iya su.

Saboda haka kirana ga malaman injiniyanci a jami'o'i da kwalejojin fasaha shi ne kada darasin ƙananan kwamfutoci ya fara daga katin da aka riga aka rubuta. A ba ɗalibi fanel mai arha irin na Allwinner, wanda kati ke ceto shi daga kowane kuskure, da katin da babu komai a ciki, da igiyar siriyal, a ce ya kai shi har Linux ya tashi. Masu sayo na'urori don ma'aikata ko don sana'a kuma, kafin su biya, su nemi amsar abu huɗu a rubuce: ko fanel ɗin yana cikin babban reshen U-Boot, rufaffun dunƙule nawa yake buƙata, ta wace hanya ake ceto shi idan filashin ya katse, kuma idan an kulle shi, mabuɗin yana hannun wa. Mai sayarwar da ya kasa amsa waɗannan, a nemi wani.